MALAM AMINU KANO: TSAKANIN BIYAYYAR JAM'IYYA DA RIƘON GASKIYA

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, duk dattijon da ya kai shekara sittin a ƙasar Daura, ko a birni yake ko a Zango ko Baure ko Mai'aduwa ko Sandamu, da wuya ya manta da shekarar 1979, shekarar da aka wayi gari aka ji an soke haraji da jangali. A lokacin nan ƙasar Daura tana cikin Jihar Kaduna, domin sai a 1987 aka yanke Jihar Katsina. Gwamnan da ya soke su shi ne Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP, amma mutumin da ya yi kusan shekara talatin yana kira a soke su, har mabiyansa suka sha ɗauri a kan haka, shi ne Malam Aminu Kano. Abin mamaki kuwa, a shekarar da ta biyo sai ga jam'iyyar ta kori gwamnan nan nata, alhali Malam ne shugabanta.

Wannan al'amari ya isa ya sa a sake duba rayuwar malamin nan, domin tambayar da ta bi shi tun yana saurayi har ya koma ga Mahaliccinsa ita ce take damun Musulmi da yawa duk sa'ad da kakar zaɓe ta kama. Ina ne iyakar biyayyar da mutum zai yi wa jam'iyyarsa, yaushe ne kuma ya wajaba ya bi abin da ya sakankance shi ne gaskiya ko da jam'iyya ta ƙi?

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Malam Aminu ranar 9 ga Agusta, 1920, cikin watan Zulƙida na shekarar 1338 bayan Hijira, a unguwar Sudawa ta birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun Alƙalin Kano, daga zuriyar Fulanin Genawa waɗanda aka sani da ilmin shari'a da alƙalanci. Mahaifiyarsa, Malama Rakiya, ita ma 'yar gidan malamai ce, a gabanta ya fara karatu. Ya yi karatun allo da na littattafai kamar yadda 'ya'yan irin wannan gida suke yi, sa'an nan aka sa shi makarantar elementare ta Shahuci a 1930, ya wuce Midil ta Kano a 1933, kana ya shiga Kwalejin Kaduna a 1937, inda ya fito da shaidar malanta a 1942.

Yaron da ya tashi a gidan mufti ya san abin da littafi ya faɗa game da shaida da cin hanci da haƙƙin talaka a kan mai mulki. Idan ya fita waje kuwa sai ya ga yadda ma'aikatan En'e suke karɓar haraji, da yadda ake sa talakawa aikin tilas, da yadda mutum yakan kwana a gidan yari don ya ɗaga murya a gaban hakimi. Tazarar da ke tsakanin abin da ya karanta da abin da idonsa ya gani ita ce tushen siyasarsa duka.

Aikinsa na farko a Midil ta Bauchi ne, inda ya koyar tare da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kuma haɗu da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya zama masa malami kuma aboki. A can suka riƙa taron tattaunawa da 'yan boko da ma'aikatan En'e, suna tambayar abubuwan da ba a saba tambaya ba game da sarauta da baitulmali, har ta kai hukuma ta rufe taron. A 1946 ya tafi Ingila ƙaro ilmin malanta a Jami'ar Landan. Da ya komo ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, aka kuma tura shi Maru cikin Lardin Sakkwato ya shugabanci makarantar horar da malamai.

FITARSA TA FARKO

A watan Nuwamba na 1950 ya ajiye aikin gwamnati. A zamanin nan ɗan Arewa mai irin iliminsa ba shi da yawa, da ya yi shiru da girma yana nan yana jiransa. Amma ya rubuta dalilinsa a jaridar Comet, inda ya nuna bai yarda ƙasar ta dawwama a hannun haɗin gwiwar Turawa da masu sarauta ba. Ya bar albashi, ya koma Kano ba shi da wata sana'a tsayayya.

Kafin wannan, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, wadda aka yi babban taronta a Kaduna a 1949, tana ƙungiyar al'adu a ƙarƙashin Dokta R. A. B. Dikko. Ranar 8 ga Agusta, 1950 wasu samari takwas suka kafa NEPU a Kano, cikinsu akwai Abba Maiƙwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin da Maitama Sule. Sunan Malam Aminu bai fito a cikinsu ba domin a lokacin yana ma'aikacin gwamnati, amma ra'ayinsu ɗaya ne. A taron NPC da aka yi a Jos a watan Disamba na 1950, samarin nan suka nemi ƙungiyar ta fito fili ta nemi gyaran mulkin En'e, manya suka ga wannan zai ɓata tsakaninsu da sarakuna, daga nan hanya ta rabu. Malam Aminu ya bar ƙungiyar da ya taimaka aka gina, ya bi wadda ba ta da ko sisi. A 1953 ya zama shugaban NEPU.

NPC ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, ta ɗauki fartanya alamarta da kirarin Salama, sarakuna da hakimai suka jingina da ita. A masarautar Daura, zamanin Sarki Abdurrahman, Wamban Daura Muhammadu Bashar ya zama minista a gwamnatin Sardauna kafin ya hau gadon sarauta a 1966. NEPU kuwa ta ɗauki tauraro da kirarin Sawaba, mabiyanta su ne teloli da 'yan koli da mahauta da manoma da malaman zaure. A zaɓen 1951 ta yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano, amma da yake zaɓen hawa-hawa ne, aka kuma ba En'e damar cusa nata mutanen a matakin ƙarshe, ba ta sami kujera ba. A zaɓen 1954 Maitama Sule, wanda ya riga ya koma NPC, shi ne ya kayar da Malam Aminu.

HUJJARSA TA ADDINI

Wahalar da 'yan NEPU suka sha a shekarun nan ba ɓoyayya ba ce. An ɗaure su a kotunan alƙalai bisa tuhumar zagin sarki ko yin lacca ba izini, an yi wa wasu bulala, 'yan daba da ake kira 'Yan Mahaukata suka riƙa far musu a Kano. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga gidan yari sau da dama. Abin da ya fi duka ciwo shi ne yadda aka riƙa nuna su a matsayin masu saɓa wa shugabannin da addini ya ce a bi.

A nan ne karatun gida ya yi wa Malam Aminu rana. Bai je ya aro hujja daga nesa ba, sai ya buɗe littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da na ƙanensa Malam Abdullahi. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa ayyukan zaluncin da ya tarar sarakunan ƙasar Hausa suna yi, jangali da ƙwace dukiyar talakawa da karɓar gaisuwa suna ciki. Malam ya riƙa nuna wa jama'a cewa abin da ake ɗaure su a kansa shi ne abin da masu jihadi suka yi kira a kansa, biyayya kuma tana da iyaka, iyakarta shi ne saɓon Allah. Yakan yi tafsirin Alƙur'ani cikin watan azumi, ya kuma ƙarfafa buɗe makarantun Islamiyya da karatun mata da ba su damar jefa ƙuri'a, abin da matan Arewa ba su samu ba sai a 1976.

TSAKA MAI WUYA

Mai karatu kada ya ɗauka hanyar ta miƙe sarai ba karkata. NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Dokta Azikiwe tun 1954. A zaɓen 1959 Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas, NEPU ta sami kujera 8 a Majalisar Wakilai ta Ikko. Sai ga NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC. Wato jam'iyyar da take ɗaure mutanensa a Arewa ita ce abokiyar zaman ƙawarsa a Ikko. Bai zama minista a gwamnatin ba, amma ya riƙe muƙamin mai tsawatarwa a ɓangaren gwamnati, ya kuma wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Wasu daga cikin mabiyansa ba su ji daɗin haka ba, suna ganin an kusanci abokan hamayya fiye da kima. Shi kuwa ya cika alkawarin da jam'iyyarsa ta ɗauka, bai kuma daina sukar mulkin En'e ba. A zaɓen 1964 ya rasa kujerarsa.

Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka rushe jam'iyyu duka, NPC da NEPU suka zama tarihi rana ɗaya. Janar Yakubu Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Sadarwa na Tarayya a 1967, sa'an nan na Lafiya daga 1971 zuwa 1974. A majalisar nan ya zauna da Cif Awolowo da J. S. Tarka da Alhaji Shehu Shagari, wanda tsohon ministan NPC ne. A shekarun nan ne aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, abin da NEPU ta daɗe tana nema. Ya kuma kasance cikin kwamitin da ya tsara daftarin tsarin mulki a 1975, da majalisar da ta tattauna shi a 1977 da 1978.

FITARSA TA BIYU

Da aka ɗage haramcin siyasa a watan Satumba na 1978, Malam Aminu yana cikin taron manyan da ya haifar da NPN. Da ya zauna, da ya shiga jam'iyyar da kowa ya ga alamar ita za ta ci. Bai daɗe ba ya fita. Masu suka suka ce ya fita ne don muƙamin da aka ware masa, na sakataren watsa labarai, bai kai darajarsa ba. Mabiyansa suka ce ya fita ne don ya ga attajirai da tsofaffin 'yan NPC sun mamaye jam'iyyar, talaka ba zai sami bakin magana ba. Allah ne Masanin abin da ke cikin zukata, amma abin da ido ya gani shi ne ya bar inuwa ya shiga rana. A watan Oktoba aka kafa PRP, alamarta mabuɗi, kirarinta Nasara.

A zaɓen shugaban ƙasa na watan Agusta, 1979 ya sami ƙuri'a wajen miliyan 1.7, kimanin kashi 10 cikin 100, Alhaji Shehu Shagari ya ci. PRP ta sami sanata 7 da 'yan Majalisar Wakilai 49, ta kuma ci gwamna a jihohi biyu, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna. Su biyun suka soke haraji da jangali da hawansu.

SANTSI DA TAƁO

A nan ne jarrabawa mafi girma ta zo masa, domin wannan karon shi ne shugaban da ake saɓa wa. Gwamnonin biyu suka shiga taron gwamnoni tara masu hamayya da NPN, biyar na UPN, biyu na GNPP, da su biyu. Shugabannin PRP suka hana su, suna ganin taron zai jefa jam'iyyar a inuwar UPN, kuma ƙawance irin wannan jam'iyya ce take da ikon ƙulla shi. Gwamnonin suka ƙi bari, suna cewa su ne suke kan aƙidar PRP ta asali, suna kuma zargin wasu na kusa da Malam da karkata wajen NPN. A 1980 aka kore su. Jam'iyya ta dare biyu: 'yan santsi, wato waɗanda aka ce sun zame, suka sa Michael Imoudu a gaba, 'yan taɓo, waɗanda suka kafe tare da Malam, su ne hukumar zaɓe ta amince da su.

To, mutumin da ya fita daga jam'iyya sau biyu don bin ra'ayinsa, ga shi yana neman a yi wa jam'iyya biyayya. Wasu sun ga tufka da warwara a nan. Amma mai lura zai ga akwai bambanci. A 1950 saɓanin a kan zalunci ne bayyananne, wato a yi magana a kansa ko a yi shiru. Da ya ga ba za su daidaita ba, sai ya fita a fili, bai tafi da kujerar kowa ba, ya fara daga tushe. A 1980 kuwa ɓangarorin biyu duk sun yarda a soke haraji, sun yarda a ɗaukaka talaka, saɓaninsu a kan dabara ne, wato da wa za a haɗa kai. Wannan irin saɓani ne da malamai suke sa shi a babin ijtihadi, inda mutum biyu masu kyakkyawar niyya za su iya rabuwa ba tare da ɗayansu ya zama maci amana ba. Sai dai mabiya ba su ɗauke shi haka ba. Aka shiga zage-zage a wajen lacca da cikin waƙoƙi, mutanen da suka yi zaman kurkuku tare zamanin NEPU suka daina gaisawa.

Abin da ya biyo baya bai yi wa kowa daɗi ba. Majalisar Jihar Kaduna, wadda NPN take da rinjaye a cikinta, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa, kana ta tsige shi ranar 23 ga Yuni, 1981, shi ne gwamna na farko da aka tsige a Nijeriya. Mataimakinsa, Alhaji Abba Musa Rimi, ya gaje shi. A Kano kuwa, ranar 10 ga Yuli, 1981 tarzoma ta tashi a kan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. A 1983 Abubakar Rimi ya tsaya takara a NPP, Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi.

RASUWARSA

Malam bai ga wannan zaɓe ba. Allah Ya yi masa rasuwa ranar Lahadi, 17 ga Afrilu, 1983, cikin watan Rajab na 1403, yana da shekara 62. An binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Gidan Mambayya, yanzu kuma cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. Mutumin da ya yi shekara bakwai yana kwamishinan Tarayya, wasunsu zamanin da kuɗin man fetur yake kwarara, bai bar kamfani ko jerin gidaje ba. Wannan abokan hamayyarsa ma sun shaida. Ranar 31 ga Disamba ta shekarar nan sojoji suka kifar da gwamnati, Manjo-Janar Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya zama shugaban ƙasa, aka rushe NPN da PRP da sauran jam'iyyu, ko da yake an sake farfaɗo da PRP daga baya. Sunan Malam kuwa yana nan a filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa da kwalejin shari'a.

ABIN LURA

Shiga jam'iyya alkawari ne, Musulunci kuwa ya wajabta cika alkawari. Wanda ya ci zaɓe da tutar jam'iyya, talakawa suka tsaya a rana suka jefa masa ƙuri'a, sa'an nan ya sauya sheƙa don ya hango kwangila a wani gefen, kada ya fake da cewa Malam Aminu ma ya fita daga jam'iyyu. Sai a tambaye shi abin da fitar ta jawo masa. Malam ya fita ya rasa albashi, ya fita ya rasa kusanci da gwamnati. Idan mutum ya fita aljihunsa ya ƙara nauyi, to ya binciki zuciyarsa kafin ya kira abin nan aƙida.

Haka kuma alkawarin jam'iyya yana ƙarƙashin alkawarin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. Suratun Nisa'i ta umarci muminai su tsayu da adalci, su ba da shaidar gaskiya ko da za ta faɗa a kansu ko a kan iyayensu, Suratul Ma'ida kuma ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa a zalunce su. Idan iyaye ba su isa su sa a karkatar da shaida ba, ina ga jam'iyya? Wakilin da aka ce ya sauya alƙaluman ƙuri'a a rumfar zaɓe, da saurayin da aka ba sanda ya je ya tarwatsa taron 'yan'uwansa, da malamin da aka ce ya hau mumbari ya wanke wanda ya san ɓarawo ne, duk biyayya ta faɗi a kansu. Ranar hisabi kowa shi kaɗai zai tsaya, shugaban jam'iyya ba zai amsa wa kowa tambaya ba.

Rikicin santsi da taɓo kuwa yana tuna wa shugaba da mabiyi cewa ba kowane saɓani ne ya kai a yanke zumunci ba. Gidan Genawa ɗaya ne ya fitar da Malam Aminu na NEPU da ɗan'uwansa Alhaji Inuwa Wada, ministan NPC. Haka gidaje da yawa suke a Daura da ƙauyukanta, wa yana wannan jam'iyya, ƙane yana waccan, masallacinsu ɗaya, maƙabartarsu ɗaya. Jam'iyyun da aka yi gaba dominsu a 1959 da 1979 mafi yawansu sun shuɗe, amma haƙƙin maƙwabci da na ɗan'uwa suna nan a wuyan mai su.

Allah Ya jiƙan Malam Aminu Kano da sauran magabata na kowane ɓangare, Ya yafe musu kurakuransu, Ya ba shugabanni ikon yin adalci, Ya ba talakawa ikon faɗin gaskiya da ladabi. Amin.